Kafin ka tura kuɗin buzuzun nan, saurari abin da ya same ni

Ɗan'uwa, ka ce ka ga buzuzun nan mai dogon ƙaho da ake kira Hercules a intanet, mai sayarwa ya yi alkawarin aiko maka da tsutsarsa ta gidan waya, ya rubuta "kyauta" a bayan kwali, kana tambaya ko akwai matsala. Akwai kuwa. Don Allah dakata da tura kuɗin.

Na fi shekara goma ina kiwon ƙwari, kuma wannan ramin ne na fara faɗawa. Tsutsa shida na saya. Na wanke robobi, na huda murafensu, na jiƙa ruɓaɓɓen itace da ganye, ina ta ƙirga kwanaki kamar mai jiran amarya. Abin da ya iso hannuna takarda ce guda: an tsare kayan a wurin binciken kayan da ke shigowa ƙasa, an hallaka su, saboda babu izini. Wallahi asarar kuɗin ba ta ci mini rai ba kamar halittun da suka mutu a banza saboda gaggawata. Mai sayarwa kuwa ko a jikinsa, tunda sunana ne a kan kwalin.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, hukuma ba ta ɗaukar ƙwaro a matsayin abin kiwo. Kallon ɓarawon gona da daji take yi masa har sai an wanke shi. Saboda haka wurin da za ka fara zuwa shi ne hukumar kula da lafiyar tsirrai ta ƙasar da kake zaune, riƙe da sunan ƙwaron na kimiyya, domin da wannan sunan suke aiki. A Amurka, hukumar APHIS ta ma'aikatar noma ce ke ba da izinin, takardar da ake kira PPQ 526, kuma galibi jami'o'i da gidajen nuna dabbobi masu ɗakin killacewa ne ke samu, da wuya mai kiwo a gida ya samu na baƙin buzuzu. Japan ta sassauta tata dokar a 1999, kasuwar buzuzu ta buɗe sosai, daga baya masana suka fara kokawa cewa waɗanda suka tsere suna barbara da na gida. Ostireliya kuwa ƙofarta kusan a garƙame take.

Da farko na ɗauka tsananin ya yi yawa, sai da na karanta labarin Trouvelot. Bafaranshe ne mai sha'awar ƙwari irinmu, ya kai ƙwan wata asu daga Turai zuwa garin Medford a jihar Massachusetts ta Amurka wajen 1869, yana gwajin samar da siliki. Kaɗan suka kuɓuce masa a bayan gida. Har yau jikokinsu na cinye ganyen dazuzzukan gabashin Amurka. Haka buzuzun kwakwa mai ƙaho, wanda ya ɓulla a tsibirin Guam da ke tekun Pasifik a 2007, ya yi wa itatuwan kwakwa mummunar ɓarna, kuma ɗan'uwan irin waɗanda muke sha'awa ne. Sannan ba ƙwaron kaɗai ke tafiya ba. Ka juya babban buzuzu ka duba gindin ƙafafunsa, sau da yawa za ka ga ƙananan halittu 'yan'uwan kaska sun yi cincirindo, ban da abin da ke ɓoye cikin ƙasar da aka zubo shi a ciki.

Akwai ƙofa ta biyu, wato yarjejeniyar CITES mai kare halittun da ke fuskantar ƙarewa. Buzuzun Dynastes satanas na Boliviya ya shiga jerinta a 2010, buzuzun Colophon na Afirka ta Kudu ma suna ciki. Irin waɗannan sai da takardar fitarwa daga ƙasar da suka fito, ko da matacce ne a busar.

Ni dai tun daga wancan kwalin na koma kan ƙwarin da ake samu a inda nake, a kansu na koyi daidaita laima da haƙurin jiran tsutsa ta rikiɗa. In ka samu izinin, ka sa tsohuwar ƙasar robar a firiza kwanaki kafin ka zubar, kuma ko sun yi maka yawa kada ka saki ko ɗaya.