Agrikola na Rum: hakimi ne ko madawaki?

Tambaya: Malam, ina koyar da tarihi a sakandare. Wace kalma ce ta dace da Agrikola, wanda Rumawa suka naɗa a kan Birtaniya: gwamna, hakimi ko madawaki? Wane karin magana kuma zan kawo wa ɗalibai kan yaƙoƙinsa?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. "Gwamna" aron Turanci ce, kuma da ɗalibi ya ji ta, mai ofis ne zai faɗo masa a rai, ba mai sulke ba. "Hakimi" daga Larabci take, ta kama ɓangaren mulki da shari'a, sai dai ta yi wa mutumin kaɗan. Agrikola, haifaffen shekara ta 40 miladiyya, a fagen fama ya yi suna. Yana ƙaramin hafsa a Birtaniya ƙarƙashin gwamna Suwetoniyus Paulinus lokacin da Budika, sarauniyar wata ƙabilar Birtaniya, ta yi wa Rum tawaye, daga baya ya jagoranci Runduna ta 20. Da ya dawo da cikakken iko wajen shekara ta 77, manyan rundunoni huɗu ne a hannunsa.

"Madawaki" kuwa tushenta dawaki ne, shugaban mahaya ke nan, alhali ƙarfin Rum dakaru ne masu tafiya a ƙasa. Ni dai na fi son a kwatanta shi da Galadiman Borno na da, wanda ke zaune a Nguru yana riƙe wa Mai, wato sarkin Borno, yammacin daula, mulki da yaƙi duk a wuyansa. Ka rubuta "gwamna", ka yi bayani da Galadima.

Karin maganar kuwa shi ne "yaƙi ɗan zamba ne". Zamba a nan dabara ce da shammata, ba cin amana ba, kuma ina jin takaici idan na ga matasa suna fassara shi da cuta. A farkon mulkinsa Agrikola ya nufi tsibirin Mona, a gaɓar Wales ta yau, ba shi da jiragen ruwa. Mutanen tsibirin suna zuba ido su hango jirage. Sai ya zaɓi mayaƙan da suka iya iyo, suka ƙetare mashigin da dawakinsu da makamansu, suka faɗa musu ba zato. Nan take suka nemi sulhu, suka miƙa tsibirin.

Kada dai ka ce wa Agrikola "hassada ga mai rabo taki ce". Surukinsa Tasitus, marubucin tarihi, ya zargi Sarkin Rum Domishiyan da ƙyashi bayan nasarar da Agrikola ya samu a yaƙin Dutsen Girawfiyus a arewacin Birtaniya, amma tun da aka kira Agrikola gida bai sake riƙe runduna ba har ya rasu a shekara ta 93.