Murmushin masu intabiyu ba shi ne sakamako ba

Ƙanwata, saƙonki ya iso. Kin ce kin yi intabiyun neman aikin jinya ta manhajar bidiyo ta Teams da wani asibitin NHS, wato hukumar kiwon lafiya ta gwamnatin Birtaniya, kina zaune a ɗakinki a Pantami, mutum uku suka yi miki tambayoyi, suna ta fara'a suna yaba amsoshinki, sai kuma ga shi mako ya wuce shiru. Kina so in faɗa miki ko kin ci.

Daga fara'ar nan ba za ki tsinci komai ba. Mutanen Ingila haka suke yi wa kowa, har wanda suka gama yanke cewa ba za su ɗauka ba. Abin da ke aiki shi ne takardar da ke gabansu. A NHS yawanci tambayoyi iri ɗaya ake yi wa duk masu nema, kowane ɗan kwamiti yana ba da maki, daga baya su haɗa. Don haka idan kin ga sun sunkuyar da kai suna rubutu ba su dube ki ba, kada gabanki ya faɗi, amsarki suke kwashewa.

Ki zauna ki tuna yadda kika amsa. Da suka ce ki ba da labarin ranar da majinyaci ya rikice a hannunki, me kika ce? Idan kin kawo wani dare takamaimai a asibitinku na Gombe, kika faɗi yadda hawan jininsa ya sauka, abin da kika fara dubawa, wanda kika kira, da yadda aka ƙare, to kin tara maki. Idan kuwa cewa kika yi "mukan yi ƙoƙari mu kula da su", babu abin da za su rubuta. Nan ne kunya take kayar da 'yan'uwanmu. An tarbiyyantar da mu kada mu yabi kanmu, sai mu yi ta cewa "mun yi", su kuma so suke su ji abin da ke kanki kika aikata. Ni dai ban ɗauki wannan fariya ba, shaida ce kike bayarwa.

Alamar da nake ɗan ba wa muhimmanci ita ce idan suka shiga lissafin zuwanki: ina kika kai a rajistar NMC (hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista a Birtaniya), kin ci CBT (jarrabawar aikin jinya da ake yi ta kwamfuta), takardar OET ɗinki (jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya) na nan da ranta, yaushe za ki iya tasowa. Ko ita ma ba alkawari ba ce.

Bayan mako biyu ki tura imel gajere ki tambaya. In sun ce ba a dace ba, ki roƙi bayanin inda kika gaza, sau da yawa suna bayarwa. In an dace, tayi mai sharaɗi zai fara zuwa, a tuntuɓi waɗanda suka tsaya miki, a duba takardunki, sannan a fitar da CoS, wato takardar shaidar cewa asibitin ya ɗauki nauyin zuwanki, da za ki nemi biza da ita. Kada ki ajiye aikinki kafin ta shigo hannu, kuma duk wanda ya ce ki biya shi kuɗinta ɗan damfara ne.

Intabiyu na gaba ki lura da agogo. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris mu a nan Birtaniya muna bayanku da awa ɗaya, ƙarfe 10 na nan 11 ne a Gombe. Ki gaida Mama.