Kada ki taɓa jarin atamfa saboda na'urar Pilates

Wata Hajiya daga Kano ta aiko da tambaya. Tana saro atamfa da leshi a Kantin Kwari tana sayarwa a gida. Ciwon baya ya sa ta fara Pilates, wato salon motsa jiki a hankali mai ƙarfafa tsokokin ciki da na baya, tana bin bidiyo a YouTube, ta ji sauƙi, har ƙawayenta uku suka ce ta koya musu. Tana da ɗaki mai faɗin mita 4 da tsawon mita 5 da ba kowa a ciki. Ta ce: "Ina so in ciri kuɗi daga jarina in yi odar na'urar Reformer daga waje, in buɗe wuri na mata zalla. Me kuke gani?"

Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Wurin nan ina goyon bayan ki buɗe shi, domin mata da yawa suna son motsa jiki amma ba za su shiga inda maza suke ba, wasu kuma mazajensu ba za su bari ba. Gidan mace 'yar'uwarsu kuwa ba wanda zai hana su. Na'urar ce ban yarda ki saya yanzu ba, balle da kuɗin atamfa.

Reformer gado ne mai tsawon kusan mita biyu da rabi, da katifa mai zamewa gaba da baya, an haɗa ta da sifirin da igiyoyi. Wadda sanannun kamfanoni irin su Balanced Body na Amurka ko Merrithew na Kanada suke ƙerawa domin wurin kasuwanci, dala dubbai ce. Ki ɗora kuɗin jigila da na kwastam, sannan ki tuna yadda canji ya koma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023. Sifirin ɗin ma yana gajiya, dole a riƙa sauya shi, kuma ba abin da mai walda zai haɗa miki ba ne, tunda idan ya tsinke jikin mutum zai samu. Duk da wannan kuɗin, mutum ɗaya take ɗauka a lokaci guda.

Ana yin Pilates a kan shimfiɗa a ƙasa ba tare da na'ura ba, don haka yanzu ki duba ɗakinki. Shimfiɗar Pilates ba ta kai mita biyu a tsawo ba, faɗinta kuma kamar santimita 60 ne. Sai dai mai kwance a kai za ta miƙa hannu da ƙafa ta kowane gefe, don haka ki ba kowace mace fili kamar mita biyu da mita ɗaya da rabi. Ɗakinki zai ɗauki mata huɗu, ke kuma ki samu inda za ki tsaya ki zagaya kina gyara musu. Mu ce, a misali kawai, kowace tana biyan naira 3,000 a zama ɗaya. Naira 12,000 ke nan a awa guda. Idan kika girke na'ura a tsakiyar ɗakin ta cinye wurin mutum biyu, kuma sai kin samu mace ɗaya da za ta biya 12,000 ita kaɗai kafin ki kamo abin da shimfiɗu huɗu suke kawowa. Mata nawa kika sani da za su iya haka sau biyu a mako? Wuraren da kike gani a Instagram na Legas da Dubai, masu jeren na'urori, ki daina yi musu kallon kitse, kuɗin da masu zuwa can suke biya daban ne.

Kada kuma ki ɗauka Pilates na shimfiɗa na marasa ƙarfi ne. Shi kansa Joseph Pilates da ya ƙirƙiro salon, Bajamushen da aka haifa a 1883, ya koyar da 'yan'uwansa fursunoni motsa jiki a lokacin da Birtaniya ta tsare su a Yaƙin Duniya na Ɗaya, tun kafin ya koma New York ya buɗe wurinsa. Littafin da ya fitar a 1945 motsi 34 ne a ciki, duk a ƙasa ake yin su.

Abin da ɗakin yake buƙata kaɗan ne. Ki sayi shimfiɗu masu kauri, milimita 10 zuwa 15, ba siraran na yoga ba, saboda ana yawan birgima a kan ƙashin baya, kuma tayil ba ya tausayi. Ki ƙara da robobin da ake jan su da hannu ko ƙafa, da ƙananan ƙwallaye, da madubi ɗaya dogo, da labule mai kauri a taga. Inda za ki kashe kuɗi da gaske shi ne iska. Mata biyar a rufaffen ɗaki a watan Afrilu, wuta ta ɗauke, ba wadda za ta dawo. Fanka biyu masu aiki da sola sun fi miki kowace na'ura amfani. Lokacin hunturu kuwa a goge ɗakin kafin kowane zama, tunda fuskar mutum dab da ƙasa take. Ki duba hanyar shigowa ma: idan sai an ratsa ta falon maigida, ku zauna ku daidaita tun yanzu, in kuma gidan haya ne mai gidan ya sani.

Wanda ya fi damuna shi ne koyarwar. A 2000 wata kotun tarayya a New York ta yanke hukuncin cewa Pilates sunan salon motsa jiki ne, ba mallakar wani kamfani ba. Kowa yana iya cewa shi malamin Pilates ne, kuma nan haɗarin yake. Jikinki kika sani, ba ki san na wata ba. Waɗanda za su zo miki akwai mai jego, akwai wadda aka yi wa tiyatar haihuwa, akwai mai juna biyu da ba ta faɗa ba, akwai dattijuwar da ƙashinta ya yi rauni. Motsin da ya warkar da bayanki yana iya kwantar da ɗaya daga cikinsu, kuma labari irin wannan kwana ɗaya ya ishe shi zagaya unguwa, har cinikin atamfar ya shafa. Cikakken kwas na malamai a ƙasashen waje yakan kai awa 450, amma na shimfiɗa kaɗai ya fi gajarta da sauƙin kuɗi, wasu ma ana yin wani ɓangarensu ta intanet. Nan ya kamata kuɗinki na farko ya tafi. Ki kuma ƙulla alaƙa da likitar fisiyo mace, wato mai gashi da motsa gaɓoɓi: duk mai ciwo ko mai sabuwar haihuwa ta fara ganin ta kafin ki shimfiɗa mata.

Game da jari, ki cire daga riba, uwar kuɗi ta zauna inda take. Atamfa ita ke riƙe da ke, kuma matan da ke zuwa sayenta su ne ɗalibanki na farko. Ki buɗe asusu daban da littafi daban. Ki karɓi kuɗin wata gaba ɗaya tun ranar farko, ta tiransifa, domin wadda ta biya ita ke zuwa. Ƙawayen nan uku ma su biya, ko da ragi ne. "Ki koya mana" ba ciniki ba ne sai kuɗi ya shigo, kuma kin fi ni sanin yadda bashin 'yan'uwa yake ƙarewa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da hantsi bayan yara sun tafi makaranta. Ki sa a lissafi cewa da azumi aji zai ragu sosai, lokacin kuwa kayan sallah ke tafiya, sai ɗaya ta tallafi ɗaya.

Ki gwada wata shida. Idan ajujuwa suna cika, mata suna sabunta biya ba sai kin bi su ba, ki yi wa sunan wurin rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Idan aka samu mutum biyar ko shida da suka yarda su biya kuɗin zaman mutum ɗaya tun kafin na'ura ta iso, ki dawo mu yi lissafinta, da kuɗin da ɗakin ya tara da kansa.