Amsa ga mai tambaya kan rabuwar jam'iyya: mu ma mun ga Santsi da Taɓo

Assalamu alaikum. Ɗana, ka ce tun da jam'iyyarku ta faɗi zaɓe manyanku suka rabu biyu, wasu na cewa a matsa kusa da gwamnati, wasu na cewa a dake a adawa, kana tambaya ko aƙida ce ko neman abinci. Tambayarka ta taɓa ni, domin da ƙuruciyata na shiga irin wannan ruwa tsundum.

A 1979 ina saurayi a Tudun Wadar Zariya, ɗan jam'iyyar PRP ne ni na gani kashe ni. Jagoranmu Malam Aminu Kano ya faɗi zaɓen shugaban ƙasa, Shehu Shagari na NPN ya hau, amma muka samu gwamnoni biyu, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, lokacin Katsina tana cikinmu. Da suka soke haraji da jangali, sai ka ga tsoho a ƙauye yana hawaye yana sa albarka. Ba a daɗe ba baraka ta kunno kai. Gwamnoninmu suna zama da na wasu jam'iyyun adawa, UPN da GNPP, taron da ake kira na gwamnoni tara, uwar jam'iyya ta ce su daina, suka ƙi. Daga nan aka samu 'yan Santsi masu bin gwamnoni, da 'yan Taɓo da suka tsaya tare da Malam.

Ni ɗan Santsi ne. Mu a Zariya jami'a ta yi mana tasiri, mukan tafi Samaru mu saurari muhawara, ga Dakta Yusufu Bala Usman da ya zama sakataren gwamnatin jiha. Mun yi imani duk wanda ya sassauta wa NPN ya sayar da talaka. Har yau ban ce mun yi kuskure a wannan fahimta ba. Kuskurenmu shi ne bakinmu. Mun faɗa wa Malam maganganun da ba su dace ba, mutumin da ya sha wuya tun zamanin NEPU, jam'iyyarsa ta farko, kafin a haifi da yawanmu, kuma ya rasu a Afrilun 1983 ba mu nemi gafararsa ba. Wannan yana damuna har gobe.

To, aƙida ce? A wajen wasu, ƙwarai kuwa. Balarabe ya yi mulki ba kwamishinoni saboda majalisar da NPN ke da rinjaye ta ƙi amincewa da sunayen da ya kai, ya ƙi sasantawa har suka tsige shi a Yunin 1981. Wanda ya yarda ya rasa kujerar gwamna a kan ra'ayinsa ba za ka ce abinci yake nema ba. Amma a kowane ɓangare akwai 'yan ci da ceto, suna ihun talakawa da rana, da dare suna bin gidajen manya neman kwangila. Ma'aunin da nake amfani da shi tun lokacin ke nan: me mutum ya rasa saboda abin da yake faɗa? Ka duba manyanku da wannan. Ka kuma tambaye su me suka saɓa a kai game da taki, makarantu da tsaro. In duk maganar ba ta wuce wa zai riƙe shugabancin jam'iyya da tikitin takara ba, kamar yadda aka yi ta jan zare tsakanin Makarfi da Ali Modu Sheriff a PDP har Kotun Ƙoli ta raba gardama a 2017, to rigimar kujera ce.

Sakamakon tamu rigimar kuwa, a 1983 Lawal Kaita na NPN ya karɓe Kaduna. Rimi ya koma jam'iyyar NPP ya sha kaye a Kano a hannun Sabo Bakin Zuwo na PRP. Ƙarshen Disamba soja suka share kowa.

Abin da nake roƙonka, kome ɓangaren da ka ɗauka, kada ka daina zuwa taron mazaɓa, kada kuma ka zagi dattijo a Facebook don a yaba maka. Ina da aboki ɗan Taɓo a Sabon Gari, tare muka riƙa manna fosta cikin dare. Shekara biyu ba ma gaisawa, ko sunan ɗansa na fari ban je ba. A zaman makokin Malam muka haɗu, shi ya fara miƙo mini hannu.