Romon Biyetnam da ranar kitso: amsa ga Yayata

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da Alhaji da yara. Tambaya biyu kika yi mini, na ce ki bari in zauna in rubuta, don saƙon murya ba zai ɗauke su ba. Ta farko, wane irin abinci ne mai tsululun ruwa da ganye a kai kika ga muna sha a hoto, ko tuwo ne ya gagare mu a nan Houston, jihar Texas ta Amurka. Ta biyu, me ya sa 'yan matanmu suka daina shafa rilaksa, har kika ga 'yarki da gashinta yadda Allah Ya halitta shi. A wurinki magana biyu ce, amma a wurinmu rana ɗaya suke faɗowa, wato Asabar ɗin da muke haɗuwa kitso.

'Yan Najeriya suna da yawa a garin nan, sai dai galibinsu Yarabawa ne da Ibo. Mu Hausawa 'yan tsiraru ne, gidajenmu kuma a warwatse. Babu mai kitson da za ki aika yaro ya kira miki daga maƙwabta. Shagunan kitso kam akwai su birjik a wajajen titin Bissonnet, amma ƙananan kitso yakan haura dala 200, ga shagon duk gilashi, maza na shiga suna fita. Macen da ke rufe kanta ba za ta saki jiki a nan ba. Shi ya sa muke zagayawa gida-gida. Wadda aka faɗo kanta ta tura maigida da samarin gidan waje, a cire ɗankwali, wannan ta yi wa waccan tsifa, waccan ta kama kan wata. Kitson ma bai daɗe da samun 'yanci a jihar Texas ba. A 1997 an kama wata baƙar fata mai suna Isis Brantley a Dallas saboda tana kitso ba lasisin gyaran gashi, sai a 2015 aka cire wannan sharaɗi daga doka.

To, mata goma da yara, kowa hannunta da man kitso, wa zai tsaya tuƙa tuwo? Nan romon nan ya shigo. Sunansa pho, abincin mutanen Biyetnam ne. Ya samo asali a arewacin ƙasarsu, wajajen Nam Dinh da Hanoi, a farkon ƙarni na 20 lokacin mulkin Faransa. Da aka raba ƙasar biyu a 1954, mutanen arewa da suka yi ƙaura suka kai shi kudu, can aka ƙara masa ganyayyaki da ɗan zaƙi. Bayan faɗuwar Saigon, babban birnin kudu, a ƙarshen yaƙin ƙasar a 1975, 'yan gudun hijira suka bazu da shi duniya, da yawansu kuma suka zauna a Houston. In kika bi titin Bellaire za ki ga sunayen tituna an rubuta har da harshensu. Maƙwabtanmu ne, da su muke aiki a asibitoci, 'ya'yanmu aji ɗaya da nasu, ƙamshin girkinsu kuma yana shigo mana ta taga.

Abin da ya hana mu zuwa gidajen abincinsu mu saya, naman ne. Romon na saniya ne, amma ba yankan Musulmi ba, kuma a madafi ɗaya ake sarrafa shi da naman alade. Don haka muka koya muna yi da kanmu. Ƙashi muna saye wurin mahautan halal na 'yan Pakistan da ke titin Hillcroft, kayan ƙamshi da taliyar shinkafa kuma a kantunan 'yan Biyetnam.

Ga yadda ake yi, ko za ki gwada. Ki samu ƙashin saniya mai ɓargo, da na gwiwa, da jelar sa, da ɗan naman ƙirji. Ki zuba ruwa ki dafa su kamar minti 10, za ki ga baƙar kumfa ta taso. Ki zubar da ruwan gaba ɗaya, ki wanke ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya, ki wanke tukunyar. Na san zuciyarki za ta ce an zubar da daɗi, amma wannan ruwan jini ne da ƙarni, shi ke sa romo ya yi duhu. Sai ki mayar da sabon ruwa. Ki gasa albasa da ɗanyar citta da ɓawonsu a kan wuta har su yi baƙi-baƙi, ki kankare ƙonewar ki jefa. Kirfa, kanumfari, da wani busasshen ɗan itace mai siffar tauraro, ki ɗan soya su a busasshen kasko har ƙamshi ya tashi, ki ƙulle a tsumma mai tsabta ki saka. Daga nan ki rage wuta sosai. Ba a son ya yi ta ɓararraka, sai dai ki ga kumfa ɗaya-ɗaya tana tasowa a hankali, kina kwashe ta da ludayi. Naman ƙirjin ki tsame shi da ya yi laushi, ƙashin kuwa ya yi awa 6 ko fiye. Mu da asuba muke ɗorawa, bayan salla.

Gishiri kaɗan, sukari kaɗan, sai ruwan kifi. Wannan ruwan ƙananan kifaye ne ake jerawa da gishiri a manyan ganguna su yi watanni suna ruɓewa, wanda ya fi suna kuma na tsibirin Phu Quoc ne. In kika buɗe kwalbar za ki kau da kai, amma shi ne daddawarsu: warinsa a hanci yake tsayawa, a tukunya daɗi yake komawa. Abin da ya fi ba Bahaushiya wuya shi ne kame hannunta. Ba tumatir, ba manja, ba jajjage, ba dunƙulen magi. Romon kirki sai kin hango gindin ludayi ta cikinsa, da 'yan idanun mai suna yawo a sama.

Wajen la'asar, idan kawuna sun kusa kammala, sai a jiƙa taliyar a tsoma ta a tafasasshen ruwa, kowa a sa mata a kwano. A ɗora dafaffen nama, da ɗanyen nama da aka yanka siriri har kina ganin wuƙa ta bayansa, a kwara romo yana tafasa, nan take naman ya sauya launi ya nuna. Wasu cikinmu ba su yarda da wannan ba, sai sun fara tsoma nasu a tukunya, ba kuma mai hana su. Lemun tsami, ɗaɗɗoya, albasa mai lawashi, kowa ta sa da hannunta. Attarugu kuwa a gefe muke yanka shi, kuma ba ya kwana.

Maganar gashi. Kin tuna lokacin da muke 'yan mata, in ba ki shafa rilaksa ba ana ganin ba ki waye ba, muna jure zafinsa har fatar kai ta yi ƙuraje. Nan ma haka baƙaƙen fata suka daɗe suna yi, su kam har da tsoron kada a hana su aiki. Tun wajen 2010 abin ya fara juyawa, mata suka riƙa aske wanda mai ya taɓa, su bar sabo ya tsiro. A 2022 wani bincike na cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka, wanda ya bi mata fiye da 33,000, ya gano cewa masu yawan amfani da man miƙar da gashi sun ninka sauran wajen kamuwa da sankarar mahaifa. Bai tabbatar cewa man ne ya jawo ba, amma ya isa ya sa uwa ta yi tunani kafin ta shafa wa 'yar shekara goma. Ga kuma doka: California ta fara hana nuna bambanci saboda kitso ko gashin asali a 2019, Texas ta bi daga 1 ga Satumba, 2023, a makarantu da wuraren aiki. Ni wannan sauyi ya yi mini daɗi ƙwarai. Garin nan gumi gare shi, gashin da aka miƙar kuma aka rufe da hijabi yini guda karyewa yake yi, musamman a gaban goshi. Yanzu 'yan mata shuku suke nema, da kalaba, da kitson da ake farawa sakwa-sakwa daga tushe don kada ya ja fata. Man kaɗe ya dawo, har hodar chebe ta matan Chadi ana sayarwa a intanet da tsada.

Inda muke da saɓani shi ne ƙarin gashi. Hadisin da ya la'anci mai ƙarawa da wadda ake ƙara wa sananne ne, kuma a kan gashin mutum ba mu da gardama. Amma na roba da zaren ulu fa? Malamai sun bambanta, mu ma haka. Yarinya tana ganin ƙawayenta da kitso har gadon baya, ta zo tana kuka. Akwai iyayen da suka bari, akwai waɗanda suka ce ko kusa. Ni ban yarda a gidana ba, na kuma zaunar da 'yarki na gaya mata dalili, ban tsaya ga tsawa ba. Abin da na yi mata alkawari shi ne zan kula da nata har ya yi tsawon da take so, kuma an fara ganin alama.

Don haka in kin samu mai tahowa, ki aiko mana da karkashi busasshe na wanke kai da man kaɗe na gaske daga kasuwar Kurmi, wanda ba a gauraya ba. Ni kuma zan ba shi ɗan tauraron nan da taliyar shinkafa ya kai miki, ƙashi kam kin fi mu samun mai kyau a kwata.