Manyan Tayoyi a Kan A-kori-kura

Tambaya: Malam, ina da Toyota Hilux da nake jigilar buhunan riɗi da ita daga ƙauyenmu zuwa kasuwar Maigatari. Na sa an ɗaga ta saboda rairayi da taɓon damina, yanzu kuma ina son sanya mata manyan tayoyi. Shin akwai illa?
Mai karatu daga yankin Gumel

Amsa: Malam, akwai amfani, domin babbar taya tana nisanta cikin mota da ƙasa, amma tana da sharuɗɗa. Ɗaga mota bai isa hujjar cewa kowace taya za ta shiga ba. Kafin ka biya kuɗi, a ɗaura guda ɗaya a gaba, a murza sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a duba ko tana gogar madigadi, musamman idan an loda kaya.

Idan ka tashi daga taya mai lambar girma 265/65 R17 zuwa mai 285/70 R17, tsayin tayar ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100, saboda haka idan mitar gudu ta nuna 100, gudunka ya kusa 107. Motar za ta ƙara shan mai, ta rage ƙarfin tashi, birki da boris kuma su riƙa saurin cinyewa. Abin da ya fi damuna shi ne kifewa, domin motar da aka ɗaga, aka kuma jibga mata buhuna, tana iya kwantawa a kwana. A ganina, kada ka wuce wannan girman, kuma ka rage iska kaɗan idan za ka shiga rairayi, ka mayar da iskar a wurin mai faci da zarar ka hau kwalta.