Tambaya da Amsa: Yaya zan raka yayana gudun kilomita 21 ba tare da ya sare a hanya ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kai shekara shida ina gudun motsa jiki, kuma sau biyu ina kammala rabin gudun famfalaki, wato kilomita 21, cikin ƙasa da awa biyu. Yayana, wanda ya ba shekara 50 baya, ya fara fita sassarfa wata takwas da suka wuce, yanzu kuma ya ɗaura niyyar shiga gasar kilomita 21 da za a yi cikin hunturu, saura mako goma. Ya nemi in raka shi, burinsa kuwa ya gama cikin awa uku. Matsalar ita ce yakan fara da ƙarfi, kafin mu kai kilomita 10 ya sare. Na ba shi shawarar mu riƙa haɗa gudu da tafiya, sai ya ce ba zai biya kuɗin rajista don ya je ya yi tafiya a gaban jama'a ba. Yaya zan yi? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarar da ka ba Yaya ita ce daidai, abin da ya rage shi ne yadda za ka gamsar da shi, sannan yadda za ka riƙe shi a kan tsarin ranar gasa. Ka fara da gaya masa cewa wanda ya yaɗa wannan dabara ba rago ba ne. Jeff Galloway, Ba'amurken da ya wakilci ƙasarsa a tseren mita 10,000 a gasar Olamfik ta 1972 a birnin Munik na Jamus, shi ne ya fara koya wa sababbin masu gudu wannan hanya a 1974. Hikimarta ita ce, ɗan gajeren hutun tafiya yana ba tsokar ƙafa damar sararawa, bugun zuciya ya ɗan sauka, numfashi ya daidaita, amma da sharaɗin a fara hutun tun daga kilomita na farko, lokacin da mutum yake jin ƙarfinsa. Wanda ya bari sai ya jigata kafin ya soma tafiya ya makara, domin a lokacin gajiya ce ta tsayar da shi, kuma da wuya ƙafafunsa su sake karɓar gudu yadda ya kamata.

Babba ba ya cika karɓar nasiha daga ƙaninsa da baki kawai, saboda haka ka zaunar da shi da takarda da biro ku yi lissafi tare. Tsawon gasar kilomita 21 ne da kusan mita 100, wanda ke nufin mai son gamawa cikin awa uku yana bukatar ya riƙa cin kowane kilomita cikin kimanin minti 8 da rabi. Mu ɗauka sassarfar Yaya tana cin kilomita cikin minti 7 da rabi, tafiyarsa mai sauri kuma cikin minti 11. Idan ya riƙa gudun minti biyu yana tafiyar minti ɗaya tun daga farko har ƙarshe, zai iso cikin kusan awa 2 da minti 57. Idan kuwa ya bi son ransa ya yi gudu ba tsayawa har kilomita 14, sannan ya sare ya ja ƙafa a sauran kilomita 7 yana cin kowanne cikin minti 12, zai iso cikin kusan awa 3 da minti 10, ga ciwon jiki, ga kuma tafiyar da yake jin kunyarta ta same shi a daidai inda 'yan kallo suka fi yawa. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, amma a wannan lissafi mai sannun ne ma yake riga isa.

Ku yi amfani da makonnin da suka rage wajen gwada tsarin, kada ranar gasa ta zama ranar gwaji. Sau ɗaya a mako ku yi doguwar fita, kuna ƙara nisa kaɗan-kaɗan har ku kai kilomita 16 zuwa 18 ana saura mako uku ko biyu, daga nan ku rage aiki domin jiki ya murmure. Idan ka ga gudun minti biyu yana sa shi haki, ku raba shi zuwa gudun minti ɗaya da tafiyar daƙiƙa 30, lissafin bai canja ba amma nauyin ya ragu. Ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne magana: matuƙar zai iya faɗin jimla cikakkiya yana gudu, to saurin ya yi daidai, idan kuma kalmomi suka fara fita ɗaya-ɗaya, ku sassauta. Tun da ya haura shekara 50, ina roƙonka da ka tabbatar likita ya duba hawan jininsa da zuciyarsa kafin ku kai ga dogayen fitan nan.

A ranar gasa kai ne mai agogo, kuma wannan shi ne mafi girman hidimar da za ka yi masa. Ka sa wayarka ko agogonka ya riƙa ƙara a ƙarshen kowane zango, domin idan agogo ne ya ce a yi tafiya, ba a ce ƙani ne yake ba yayansa umarni ba. Ku yi yarjejeniya tun a gida cewa ba za a tsallake hutu ko ɗaya ba a kilomita 15 na farko, kowa ya wuce ku. Kilomita uku na farko su ne mafi haɗari, saboda hayaniyar jama'a da sanyin safiya suna sa mutum ya ji kamar zai iya tashi sama, kai kuma da ka saba da gudu mai sauri za ka iya jan sa ba tare da ka sani ba. Don haka ka tsaya a gefensa kafaɗa da kafaɗa, ko ɗan taki ɗaya a bayansa. Ka rubuta lokutan a bayan hannunka: kilomita 5 cikin minti 42 da rabi, kilomita 10 cikin awa 1 da minti 25, kilomita 15 cikin awa 2 da minti 7, kilomita 20 cikin awa 2 da minti 50. Idan kun makara da minti ɗaya ko biyu, kada ku nemi biyan bashin a kilomita guda, ku rarraba shi a kan biyar masu zuwa.

Kai ma ka yi rajista ka ɗaura lambarka, ku tsaya can baya a wurin tashi, kuma duk lokacin da za ku koma tafiya ku ɗaga hannu ku raɓa gefen hanya, don kada na bayanku ya yi karo da ku. Ku daidaita hutunku da wuraren shan ruwa da kuma hawa, ko da agogo bai yi ƙara ba.

Hunturu yana yaudarar mai gudu, domin busasshiyar iska tana shanye gumi nan take, sai mutum ya ɗauka bai zubar da ruwa ba. Ya riƙa kurɓar ruwa kaɗan a kowace tasha, ba tare da ya cika ciki ba, domin shan ruwa fiye da kima ma yana da illa. Bayan awa ta farko ka riƙa miƙa masa dabino biyu ko rabin ayaba duk bayan kamar minti 40, kuma ya kasance abin da cikinsa ya saba da shi a wurin atisaye. Sabon takalmi kuwa a bar shi a gida.

Daga kilomita 16 zuwa sama za ka ga ya yi shiru, wataƙila ma ya yi maka faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Kada ka ce masa an kusa alhali saura kilomita biyar, zai gane, kuma ba zai sake yarda da maganarka ba. Ka ce masa, "Yaya, minti biyu kawai, sai mu taka," ka bar shi da wannan ɗan zangon da ke gabansa. Idan sharaɓarsa ta fara ɗaurewa, ku koma gudun minti ɗaya da tafiyar minti ɗaya, ku manta da awa ukun. Amma idan ya yi ƙorafin ciwon ƙirji ko jiri, ko ka ga yana tangaɗi, ko maganarsa ta rikice, to ka tsayar da shi a inuwa ka kira ma'aikatan lafiya na gasar, ko da ransa zai ɓaci, ko da kuwa kuna hango ƙarshen hanya. Idan kuma Allah ya sa kun kai kilomita 20 yana da sauran ƙarfi, ka kashe ƙarar agogon ka bar shi ya zaɓi saurinsa, sannan ka ja baya da taki biyu domin shi ya fara taka layin ƙarshe.